Shin atisaye mai tsanani yana mayar da tsufa baya a cikin ƙwayoyin jiki?

Abu_Sadiq54:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dukkan 'yan wannan zaure, musamman likitoci da malaman kimiyya da ke cikinmu. Shekaruna 54, kuma kimanin wata uku ke nan da na fara irin atisayen nan da ake kira HIIT, wanda mutum zai tsananta iya ƙarfinsa na ɗan lokaci, ya sassauta har numfashi ya dawo, sannan ya sake tsanantawa. Ina yin sa ne a kan keken motsa jiki da babban ɗana ya bari a gida, sau uku a mako bayan sallar Asuba. Jiya wani abokin aikina ya turo mini labarin wani bincike da aka yi a Amurka, wai waɗanda suka yi wannan atisaye na wata ɗaya tak sun rage fiye da shekara uku daga shekarun jikinsu. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ban gane abin da aka auna ba. Furfurata tana nan yadda take, gwiwata ta hagu kuma ba ta daina ƙara ba idan na miƙe daga zaman tahiya. To mene ne ke canzawa a can cikin ƙwayoyin halitta har masana suke cewa tsufa ya ja baya? Gaskiya ne, ko zuzutawa ce kawai?

Dakta_Halima_Biyokem:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiq. Na san binciken da kake nufi. A Jami'ar Loma Linda da ke Kalifoniya aka yi shi, aka wallafa shi a mujallar Aging Cell a 2023. Mutum 30 aka ɗauka, masu shekara 40 zuwa 65 waɗanda ba su saba motsa jiki ba, aka raba su gida biyu. Rukuni ɗaya suka riƙa yin atisayen sau uku a mako har mako huɗu, kowane zama minti 23, a cikinsa akwai tsanantawa ta minti ɗaya-ɗaya sau goma, ɗaya rukunin kuma suka ci gaba da zamansu yadda suka saba. Abin da aka auna a jininsu shi ne RNA, wato saƙonnin da ƙwayoyin gado ke fitarwa idan suna aiki. Da yake an lura cewa wasu ƙwayoyin gado suna ƙara aiki yayin da mutum ke manyanta, wasu kuma suna yin sanyi, masana sun tsara lissafin da zai dubi waɗannan saƙonni ya ƙiyasta shekarun mai jinin. Da wannan lissafi ne aka ga masu atisaye sun ragu da shekara 3.59.

Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin ba sa kawowa. Rukunin da bai yi komai ba, lissafin ya nuna ya ƙaru da shekara 3.29 a cikin wannan mako huɗun. Babu wanda zai yarda cewa mutum ya tsufa da shekara uku a wata ɗaya don kawai yana zaune a gidansa, saboda haka wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ma'aunin yana rawa ƙwarai, domin ko mura tana iya sauya saƙonnin da ake gani a jini. Ni ina ɗaukar sakamakon a matsayin alama mai daɗi cewa ƙwayoyin jiki suna amsa atisaye da wuri. Wanda ya ce an ƙara masa shekara uku a duniya ya wuce abin da binciken ya nuna.

Ummu_Khalifa:
Allah Ya saka da alheri, Dakta. Wannan adadi na rukuni na biyu ban taɓa ganin an ambace shi ba, alhali an turo mini labarin ya fi sau biyar.

Injiniya_Bello_Kaduna:
Na yarda da Dakta game da wancan binciken, amma kada mu bar Malam Abu Sadiq ya tafi da tunanin cewa duk maganar iska ce. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta asibitin Mayo da ke Amurka, a 2017, ƙarƙashin Dakta Sreekumaran Nair, domin su ba jini kawai suka duba ba, sun sa allura sun yanko ɗan ƙaramin tsoka daga cinyar kowane mutum kafin a fara da kuma bayan mako 12. Sun haɗa matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 da dattawa 'yan 65 zuwa 80, suka raba su kashi uku: masu tsanantawa da sassautawa a kan keke, masu ɗaga ƙarfe, da masu haɗa biyun a sassauce. Abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne mitokondiriya, wato ƙananan murhunan da ke cikin ƙwayar halitta, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samar da ƙarfi. Waɗannan murhuna suna raguwa kuma suna lalacewa da tsufa, shi ya sa dattijo ke haki a kan matattakalar da a da yake hawa a guje. A rukunin masu tsanantawa, ƙarfin aikin mitokondiriya ya ƙaru da kashi 49 cikin 100 a matasa, a dattawa kuwa ya ƙaru da kashi 69. Haka kuma ƙwayoyin gadon da aikinsu ya sauya sun kai 274 a matasa, a dattawa kusan 400. Wannan abu ne da aka gani a cikin naman mutum, ba ƙiyasin kwamfuta ba.

Sani_Fisiyo:
Injiniya, bayaninka daidai ne, amma a yi hattara da kashi 69 ɗin nan. Dattawan sun faro ne daga ƙasa, don haka kasonsu ya fi girma, kamar yadda mai buhu biyu idan ya sami ƙarin ɗaya za a ce ya ƙaru da rabi, mai buhu goma kuwa sai ya sami biyar kafin a faɗi haka. Abu na biyu, wanda ni a matsayina na mai aikin gashi da gyaran gaɓɓai ya fi damuna, shi ne cewa a wannan binciken masu ɗaga ƙarfe ne suka fi samun ƙarfin tsoka da kaurinta. Tsofaffin da ake kawo mana da karayar ƙugu, yawancinsu ba numfashi ne ya kayar da su ba, ƙafa ce ta kasa riƙe su a banɗaki ko a bakin ƙofa. Duk wanda ya wuce hamsin ya riƙe keke kaɗai ya bar ƙarfafa tsoka, ya gyara ɗaki ɗaya ne ya bar ɗaya yana yoyo.

Abu_Sadiq54:
Na gode muku duka. Injiniya, idan ba damuwa, ta yaya wahalar ɗan gajeren lokaci take sa jiki ya ƙera sababbin murhunan nan? Nan ne har yanzu ban kama ba.

Dakta_Halima_Biyokem:
Bari in amsa wannan, Malam, tunda fannina ne. Ƙwayar tsoka tana da wani sinadari da take kashewa duk lokacin da ta motsa, sunansa ATP, kuma abin da take ajiyewa kaɗan ne. Idan ka tsananta, kashewar tana fin samarwa sauri, sai wani furotin mai suna AMPK, wanda aikinsa shi ne lura da ragowar makamashi, ya farka. Shi kuma yana cikin masu tayar da wani furotin, PGC-1 alfa, wanda ɗakin binciken Bruce Spiegelman a Boston ya gano a 1998, kuma shi ne ke ba ƙwayoyin gado umarnin a ƙera sababbin mitokondiriya. A lokaci guda ƙwayar tana ƙara himma wajen tattara murhunan da suka lalace ta narkar da su ta sake amfani da kayansu. Wannan tsarin share gida ne ya sa aka ba Yoshinori Ohsumi ɗan Japan kyautar Nobel a 2016, ko da yake shi a kan ƙwayar yis ya yi aikinsa. Muhimmancin sharar shi ne, lalataccen murhu hayaƙi yake yi, wato yana fitar da sinadarai masu ɓata furotin da DNA, zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Ginin kansa kuwa ba a kan keke ake yin sa ba, a lokacin hutu da barci ne, shi ya sa mai yin atisaye mai tsanani kullum ba hutu yake cutar kansa.

Dattijon_Gumel:
Ni dai ina karanta ku tun ɗazu. Mahaifina manomi ne, bai taɓa ganin keken motsa jiki ba, ya kai shekara casa'in da wani abu yana zuwa gona da ƙafarsa. Kuma mu tuna cewa ajali a hannun Allah yake, babu atisayen da zai ƙara wa bawa daƙiƙa ɗaya a kan abin da aka rubuta masa.

Malama_Rabi_Maradi:
Baba, babu mai jayayya da maganarka ta ajali. Abin da ake tattaunawa shi ne halin da jiki zai kasance a cikin kwanakin da aka rubuta, ko mutum zai yi su yana zuwa masallaci da ƙafarsa kamar mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ko yana kwance ana juya shi. Kuma idan muka duba da kyau, mai huɗa da garma yana yin irin wannan atisayen ne ba tare da suna ba: ya ja kunya da ƙarfi har ƙarshenta, ya miƙe ya ja numfashi, ya sake duƙawa. Mu da muke wuni a kujera a ofis ne muka rasa wannan, shi ya sa muke neman madadinsa.

Sani_Fisiyo:
Malama Rabi, kwatancenki ya yi kyau, amma ina da ɗan gyara. Masu bincike a Denmak sun bi mutum fiye da dubu ɗari a Kofanhagen, suka tarar cewa motsa jiki na lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na neman abinci bai nuna wannan amfani ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne, lebura yana wuni yana wahala ba tare da bugun zuciyarsa ya kai matakin da zai horar da ita ba, kuma ba ya samun isasshen hutun da Dakta ta ambata. Kada mu ce wa mai dakon buhu a kasuwa ya riga ya gama da lafiyarsa.

Nura_Dalibi:
Malamaina, ba wanda ya taɓo maganar telomiya, kuma ita aka fi koya mana a aji idan ana batun tsufa. A bakin kowane zaren DNA akwai wani yanki da ke kare shi, kamar ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware, kuma yana gajarcewa duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu. Idan ya gajarce ƙwarai sai ƙwayar ta daina rabuwa. Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak sun sami Nobel a 2009 a kan wannan da kuma sinadarin telomeras mai sake tsawaita shi. A Jamus, Christian Werner da Ulrich Laufs sun yi gwaji na wata shida wanda mutum 124 suka kammala, ana atisaye sau uku a mako na minti 45. Masu gudu a sannu da masu tsanantawa da sassautawa, aikin telomeras ya ninka biyu zuwa uku a fararen ƙwayoyin jininsu kuma telomiyar ta ɗan ƙara tsawo, amma masu ɗaga ƙarfe ba a ga haka a jikinsu ba. Ashe wannan ba ya nuna tsufa ya koma baya da gaske?

Dakta_Halima_Biyokem:
Nura, ka kawo shi daidai, amma ka sake duba abin da ka rubuta da hannunka: masu gudu a sannu sun sami abin da masu tsanantawa suka samu. Ke nan wannan binciken hujja ce ga duk atisayen da ke sa zuciya aiki, bai fifita HIIT ba. Sannan tsawon telomiya ba alheri ne zalla ba, domin binciken gado ya nuna cewa waɗanda aka haifa da doguwar telomiya sun fi fuskantar wasu nau'o'in kansa, kuma yawancin ƙwayoyin kansa da telomeras suke rayuwa. Akwai kuma ma'auni na uku da ba mu ambata ba, agogon da Steve Horvath ya fitar a 2013, wanda ke duba wasu alamomi da ke manne wa DNA a wurare 353. Waɗannan ma'aunai ba koyaushe suke yarda da juna ba a kan mutum ɗaya. Masanan da suka tattara alamomin tsufa a 2013 sun lissafa tara, a 2023 suka mayar da su goma sha biyu. Idan atisaye ya taɓa uku ko huɗu daga ciki, abin farin ciki ne, amma da sauran rina a kaba.

Garba_Direba:
Ni gargaɗi zan yi daga abin da ya same ni. Bara na shiga wani gidan motsa jiki, mai horarwar bai tambaye ni komai game da lafiyata ba, ranar farko ya haɗa ni da samari ya ce mu yi daƙiƙa 20 na tsalle da dukkan ƙarfi, hutun daƙiƙa 10, sau takwas. A zagaye na biyar na ji kunnuwana sun toshe, fitilun ɗakin suka zama kore, sai farkawa na yi na ga ana yayyafa mini ruwa a fuska, takalmina ɗaya a cire. Da aka kai ni asibiti aka tarar ina da hawan jini wanda ban taɓa sanin ina da shi ba. Shekaruna 49 a lokacin. Yanzu ina shan magani, ina tafiya da sauri da yamma, amma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Likitan_Zuciya_Kano:
Malam Garba, Allah Ya ƙara lafiya, kuma na gode da ka faɗa a fili. Tsarin da aka sa ka shi ne na Izumi Tabata na 1996, wanda ya samo asali daga horar da 'yan wasan tseren ƙanƙara na Japan, kuma a kan matasa masu motsa jiki aka gwada shi. Ɗora shi a kan mai shekara 49 a ranarsa ta farko ganganci ne. Amma kada wannan ya sa a ɗauka cewa atisayen haramun ne ga manya. A ƙasar Nowe an bi masu ciwon zuciya 4,846 da ke atisaye a cibiyoyin farfaɗowa, aka sami tsayawar zuciya sau uku kacal, ɗaya a masu matsakaicin atisaye, biyu a masu tsanantawa, kuma waɗannan biyun sun rayu. Bambancin shi ne an auna su kafin su fara, kuma akwai ma'aikatan lafiya a kansu. Shawarata ga duk wanda ya haura arba'in: a auna jini da sukari tukuna, wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri ko haki marar dalili ya ga likita, sannan a yi makonni ana tafiya da sauri kafin a fara tsanantawa. A lokacin bazara kuma a nemi sanyin safiya, a sha ruwa.

Hajiya_Kumasi:
Ni shekaruna 63, kuma tsalle ko keke ba nawa ba ne. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mini tsarin da Farfesa Hiroshi Nose na Jami'ar Shinshu a Japan ya gwada a kan dattawa: tafiya da sauri minti uku, a sannu minti uku, sau biyar, kwana huɗu a mako. A tsakar gida nake yi, daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure, jikata tana riƙe da waya tana faɗa mini idan minti uku sun cika. Da farko a zagaye na biyu nake neman kujera. Yanzu wata bakwai ke nan, ina hawa benen gidan ƙanwata ba na tsayawa a tsakiya. Ban san me ya faru da murhunan da Injiniya ya faɗa ba, amma gani ya kori ji.

Ummu_Khalifa:
Dakta Halima, kin ce lalataccen murhu yana fitar da sinadarai masu ɓarna. To idan mutum ya haɗa atisayen da ƙwayoyin bitamin C da E da ake tallatawa cewa suna kashe waɗannan sinadarai, ba zai fi samun amfani ba?

Dakta_Halima_Biyokem:
Yaya, abin mamaki akasin haka aka gani. A 2009 Michael Ristow da abokan aikinsa a Jamus sun ba wasu samari miligiram 1,000 na bitamin C da awo 400 na bitamin E kullum yayin atisayen mako huɗu, sai amfanin da atisaye ke yi wajen sa jiki ya karɓi insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya ɓace a wurinsu, alhali waɗanda ba su sha ba sun samu. Ɗan hayaƙin da ke tashi lokacin atisaye shi kansa saƙo ne da ke sa ƙwaya ta ƙarfafa garkuwarta, idan aka shafe shi saƙon ba ya isa. Wannan bai shafi lemo ko zogale ko gwanda da ake ci a abinci ba, kuma wanda likita ya rubuta wa bitamin saboda wata lalura ya ci gaba da shan abinsa.

Injiniya_Bello_Kaduna:
Mu dawo kan tambayar farko. Dakta, na ga kina ta taka mana burki, amma hujjoji daga tsoka, daga jini, daga telomiya, duk sun fuskanci alƙibla ɗaya. A ganina wannan ya isa a ce atisayen yana rage tsufa.

Likitan_Zuciya_Kano:
Injiniya, gwajin da ya fi kusa da amsa maka shi ne wanda aka yi a Taronhaim ta Nowe, mai suna Generation 100, aka wallafa a 2020. Dattawa 1,567 'yan shekara 70 zuwa 77 aka bi har shekara biyar. A rukunin masu tsanantawa na minti huɗu sau huɗu, kashi 3 cikin 100 ne suka rasu, a masu matsakaicin atisaye kashi 5.9, a waɗanda aka bar su da shawarar hukuma kawai kashi 4.7. Adadin yana jan ido, amma masu binciken da kansu sun ce bambancin bai kai ƙarfin da za a kore cewa dace ne ba, kuma da yawa daga rukunin da aka bari sun riƙa yin atisaye mai tsanani don kansu, abin da ya dagula kwatancen. Abin da ya fito sarai shi ne masu tsanantawa sun fi ƙarfin numfashi, kuma sun fi bayyana jin daɗin jikinsu da hankalinsu.

Injiniya_Bello_Kaduna:
Kashi 3 da kashi 5.9 ba ƙaramar tazara ba ce a wurina, Likita, ko da lissafi bai tabbatar ba. Amma na karɓi gyaran.

Abu_Sadiq54:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na auna jinina a makon jiya, 128 bisa 82 ne, don haka zan ci gaba da keken. Malam Sani, maganarka ta ƙarfafa tsoka ta shige ni, sai dai ina tsoron gwiwar nan ta hagu. Akwai abin da zan fara da shi a gida ba tare da ƙarfe ba, kuma a ranakun keke zan yi shi ko a ranakun hutu?

Sani_Fisiyo:
Malam, ka fara da tashi daga kujera ka zauna ba tare da dafa hannu ba, sau goma, ka huta, ka maimaita sau biyu, kwana biyu a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan ƙarfafa tsoka. Ka sa su a ranakun da ba ka hau keke ba, amma ka bar aƙalla kwana ɗaya cur babu komai. Ƙarar gwiwa idan babu ciwo ko kumburi ba ta cika zama matsala ba. Ka kuma duba tsawon sirdin keken, domin idan ya yi ƙasa gwiwa ce ke ɗaukar nauyin. Ƙarar tana zuwa da zafi ne, ko ƙara ce kawai?